Ɗigon da ya bar layi: a goge shi ko a bar shi?

Sabon malamin Fiziks (aji biyar na sakandare)

Assalamu alaikum iyayena da yayyena malaman wannan zaure. Ina neman shawara a kan abin da ya faru a ajina ranar Talata, domin tun daga ranar na kasa yanke hukunci. Mun yi gwajin fendulum, wato ƙwallon ƙarfe da ake ɗaurewa da zare a rataye shi ya riƙa lilo, da nufin mu gano ƙarfin jan ƙasa, wanda littafi ke kira g. Kayan aikinmu guda ɗaya ne tak, saboda haka aji duka muka taru a kansa, ɗalibai suna karɓa-karɓa wajen ƙirga lilo da riƙe agogo. A kowane tsawon zare mun ɗauki lokacin lilo 20, zuwa da dawowa ɗaya shi ne lilo ɗaya, muka raba da 20 muka sami T, wato lokacin lilo ɗaya, sannan muka ninka T da kansa. Ga abin da muka rubuta a allo:

Tsawon zare a santimita: 20, 40, 60, 80, 100
Lokacin lilo 20 a sakan: 18.8, 26.1, 30.1, 36.5, 40.7
T a sakan: 0.940, 1.305, 1.505, 1.825, 2.035
T²: 0.884, 1.703, 2.265, 3.331, 4.141

Da muka zana giraf, tsawon zare a layin kwance, T² a layin tsaye, ɗigo huɗu sun jeru kamar sahu, amma na santimita 60 ya faɗo ƙasa da layi ƙarara. Wani ɗalibi mai kaifin kai ya ɗaga hannu ya ce a inda yake zuwa darasin yamma an koya musu cewa idan haka ta faru a goge lambar, a duba inda layi ya ratsa, a rubuta wadda ta dace. Na ce masa a'a, amma da ya tambaye ni dalili ban ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina ba. Tambayata ita ce, me ya kamata a yi da wannan ɗigo, kuma shin dole ne a tilasta wa layin ya bi ta kan sifili?

Malamin darasin yamma

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka wahalar da kanka a kan abin da an riga an san amsarsa. Duk duniya ta san cewa T² daidai yake da 4π² sau tsawon zare a raba da g, kuma ba yaranka ne za su gano sabon g ba. Abin da ke gabansu shi ne WAEC da NECO, inda lokaci yake a ƙayyade, kayan aiki kuma sau da yawa sun tsufa. Ni abin da nake koya wa nawa shi ne su auna na farko da na ƙarshe da kyau, su lura da yadda sauran ya kamata su kasance, duk wanda ya kauce su daidaita shi. Batun sifili kuwa, idan zare ba shi da tsawo ai babu lilo, saboda haka hankali ma ya nuna layin ya taso daga can. A rubuta 31.7 a gurbin 30.1, a ja layi daga sifili, a wuce darasi na gaba.

Baba mai ritaya (tsohon malamin Fiziks)

Malam, ka yi haƙuri, ban yarda da kai ba ko kaɗan, kuma ba don tsoron Allah kaɗai nake faɗa ba, ko da yake shi ma ya isa. Na shafe shekaru ina duba takardun gwajin aiki, kuma abin da na sani shi ne mafi yawan maki yana kan hanya ne: tebur mai kanun da aka rubuta da ma'auninsu, lambobi masu yawan gurbi iri ɗaya bayan ɗigo, sikeli mai ma'ana, ɗigo a inda ya dace, layin da ya fi dacewa da ɗigogin, da babbar alwatika wajen fitar da gangare, wato gwargwadon karkatar layin. Takardar da aka dafa alƙalumanta tana da wari, mai dubawa yana jin sa daga nesa, domin hannun ɗan Adam da agogon makaranta ba sa ba da ɗigo biyar a kan layi cif-cif.

Yanzu ga kai ɗana mai tambaya. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a yi maganar gogewa ko bari, a fara tambayar lambar me ya same ta. Na ɗauki rula na ja layi ta kan ɗigo huɗun nan, na ga a santimita 60 ya kamata T² ya kai wajen 2.51, wato T wajen 1.585, wato lilo 20 ya ci sakan 31.7. Ku kuma kun sami 30.1. Bambancin sakan 1.6 ne, wanda shi ne lokacin lilo ɗaya cur a wannan tsawon. Raba 30.1 da 19 ka gani, za ka sami 1.584. Zatona shi ne lilo 19 aka ƙirga, aka rubuta 20. Wane ne ya yi ƙirga a wannan karon, kuma da wace kalma ya fara lokacin da aka danna agogo?

Sabon malamin Fiziks

Baba, Allah ya ƙara girma. Na tambayi ajin yau da safe. Yarinyar da ta ƙirga na santimita 60 ba ita ta ƙirga sauran ba, kuma ta ce tana ganin an danna agogo ta ce "ɗaya", alhali sauran sun bi abin da na nuna musu, sun fara da "sifili" sai ƙwallon ya je ya dawo sannan su ce "ɗaya". Ke nan lilo 19 ta ƙirga kamar yadda ka ce. Laifina ne, domin tana bayan aji lokacin da na yi bayanin. To yanzu da muka san dalili, ya halatta in gyara lambar zuwa 31.7?

Malamar Kemistiri

Ƙanena, bai halatta ka rubuta 31.7 a matsayin abin da aka auna ba, domin babu wanda ya ga wannan lamba a fuskar agogo. Abin da ya halatta abu biyu ne. Ko dai ka ja siririn layi ɗaya a kan 30.1 yadda za a iya karanta ta, ka rubuta a gefe cewa an yi kuskuren ƙirga, ka sake aunawa, ko kuma ka bar ta ka gyara kan teburin a wannan gurbi ka ce lokacin lilo 19 ne, ka raba da 19. Na farko ya fi, tunda zaren da ƙwallon suna nan ba su je ko'ina ba. Wannan ne dalilin da ya sa nake hana ɗalibaina rubuta awo da fensir ko a gefen takarda da niyyar kwafewa daga baya. Awo da biro ake rubuta shi, a cikin teburin da aka riga aka zana kafin a taɓa kayan aiki, fensir kuma na giraf ne kawai.

Mu ma a wajen gwajin haɗa asid da alkali muna ajiye wasu lambobi a gefe. Awon farko na lalube ne, ba ma sa shi cikin matsakaici, sai waɗanda suka yi kusa da juna. Amma a lura da bambancin: ƙa'idar tana nan tun kafin a buɗe famfon buret, wato bututun gilashin da ake auna ruwan asid da shi, kowa ya san ta, kuma lambar da aka ajiye tana nan a tebur kowa yana gani. Abin da Malam yake ba da shawara kishiyar wannan ne, wato a ga amsa tukuna sannan a zaɓi lambar da za ta kai mutum gare ta.

Akwai labarin da nake ba ɗalibaina duk shekara. A farkon shekarun 1890 Lord Rayleigh a Ingila yana auna nauyin iskar naitirojin, sai ya ga wadda ya tace daga iskar sarari ta fi wadda ya samo daga sinadarai nauyi da kusan kashi ɗaya cikin 200. Da irin mutanenmu ne da ya haɗa su ya fitar da matsakaici ya huta. Bai yi haka ba, ya ware awon gida biyu bisa ga inda iskar ta fito, ya ga kowane gida ya tsaya a wurinsa, ya bi sawun bambancin tare da William Ramsay har suka gano iskar argon a 1894, wadda kusan kashi ɗaya ce cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Dukansu biyu sun sami kyautar Nobel a 1904. Abin da ya fi burge ni a labarin ba kyautar ba ce, yadda ya tsara teburinsa ne, domin da ya jera awon bisa ga ranar da ya yi su kawai, da wuya bambancin ya fito fili.

Malamin darasin yamma

Malama, Rayleigh yana da ɗakin gwaji nasa na kansa da shekaru a hannu, ni kuwa ina da yara fiye da kujerun ajin da minti arba'in. Kuma tunda an shiga tarihi, ai Millikan da ya auna cajin ilektiron da ɗigon mai shi ma ya zubar da awon da bai yi masa ba, kuma bai hana shi Nobel a 1923 ba. Idan manya sun yi, don me za a ɗaure yaro ɗan shekara goma sha shida?

Dakta (mai koyar da ƙididdiga a jami'a)

Malam, batun Millikan gaskiya ne, amma ba ya goyon bayanka yadda kake zato. A rahotonsa na 1913 ya kawo awon ɗigon mai 58, ya kuma nuna kamar su ne duk abin da ya gwada a tsawon kwanakin aikin, alhali littattafansa na ɗakin gwaji, da masana tarihi suka bincika daga baya, sun nuna ya auna fiye da haka. Abu na farko, mun san haka ne domin bai goge komai ba, duk awon yana nan a rubuce da dalilin da ya sa ya ƙi wasu. Na biyu, bai ƙirƙiri lamba ya sa a gurbin wata ba. Na uku, duk da haka har yau ana sukarsa a kan wannan magana. Kuma abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne amsarsa ta yi ƙasa da ta yau da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ba saboda ɗigogin da ya bari ko ya zubar ba, sai don lambar kaurin iska da ya yi amfani da ita tana da kuskure, kuskuren da ya shafi kowane ɗigo bai ɗaya.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin zauren bai lura da shi ba tukuna. Kowa ya zuba ido a kan ɗigon da ya bar layi, amma ba nan gizo ke saƙa ba. Na sa lambobin ƙanenmu a kwamfuta, na fitar da layi ta hanyar nan da ake rage jimillar murabba'in tazarar ɗigogi daga layi, wadda Legendre ya wallafa a 1805, Gauss kuma a 1809. Idan an mayar da tsawo zuwa mita, gangaren layin 4.07 ne, wanda idan aka raba 4π² da shi yake ba da g na 9.70. Abin sha'awa shi ne ko an sa ɗigon santimita 60 ko an cire shi, gangaren bai canja ba, domin ɗigon yana tsakiyar jerin ne daidai, kamar mutumin da ya zauna a tsakiyar benci, yana iya danne shi ƙasa amma ba ya karkatar da shi. Abin da ya canja shi ne inda layin ya sari layin tsaye. Da ɗigon a ciki, layin ya sara a 0.02, wanda ido zai ɗauka sifili ne. Da aka cire shi, ya sara a 0.07, kuma idan aka ci gaba da jan layin baya sai ya taɓa layin kwance a wajen santimita 1.8 hagu da sifili.

Ma'anar wannan ita ce kowane tsawo da aka rubuta ya gaza na gaskiya da kusan santimita 2. Ina kyautata zaton an auna zaren ne daga marataya zuwa ƙullin da ke saman ƙwallon, alhali tsawon fendulum har tsakiyar ƙwallon yake kaiwa. Ke nan kurakurai biyu ne a teburin nan, ɗaya yana rufa wa ɗaya asiri. Wanda ya tilasta wa layi bin sifili zai binne na biyun, kuma zai biya kuɗinsa: na gwada da ɗigo huɗun masu kyau, gangaren ya koma 4.17, g ya faɗo 9.48. Haka nan wanda ya ƙi zana giraf, ya lissafa g a kowane tsawo, zai sami 8.94, 9.27, 10.46, 9.48 da 9.53, matsakaicinsu 9.54, ba tare da ya san abin da ya ja shi ƙasa ba. Giraf ya fi lissafin ɗaiɗai ne saboda ya raba kuskuren tsawo ya kai shi wurin sara, ya bar gangare da tsabtarsa.

Ƙari ɗaya ga masu son kwamfuta. Lambar nan R² da Excel ke nunawa a gefen layi, wadda ke kusantar 1 idan ɗigogi sun bi layin sosai, ta kai 0.99 ko da ɗigon kuskuren yana ciki, saboda haka kada a ɗauke ta shaidar lafiya. A 1973 Francis Anscombe ya tsara rukunin lambobi huɗu, kowanne da ɗigo 11, masu matsakaici ɗaya da layi ɗaya da ƙarfin dangantaka ɗaya, amma da aka zana su ɗaya layi ne mai warwatse, ɗaya baka ne, ɗaya layi ne da ɗigo guda ya tsere masa, na huɗu kuma ɗigo ɗaya ne tak ke riƙe da layin duka.

Baba mai ritaya

Dakta, Allah ya saka da alheri, ni kaina ban kai ga wurin sarar ba, domin takardar da na zana a kai ƙarama ce. Wannan kuma shi ne abin da nake so in ja hankalin matasan malamai a kai: santimita 1.8 ba za ta ganu ba idan giraf ɗin ya maƙale a kusurwar takarda kamar tambarin wasiƙa. A ba shi fiye da rabin shafi ta kowane ɓangare. A wannan gwaji, santimita 2 na takarda su tsaya wa santimita 10 na zare a kwance, santimita 2 kuma su tsaya wa 0.5 a tsaye, sai giraf ya cika shafin. A guji sikelin da ke tafiya da uku-uku ko bakwai-bakwai, domin yaro zai ɓata rabin lokacinsa yana lissafin darajar ƙaramin gida ɗaya, kuma a nan ne yawancin ɗigogi ke sauka a inda ba nasu ba. Ɗaya, biyu, biyar da goma su ne abokan tafiya.

Idan ana son karanta wurin sara, dole layin kwance ya fara daga sifili na gaskiya. Na sha ganin takardar da aka fara daga 20, yaro ya karanta inda layi ya taɓa gefen hagu ya kira shi wurin sara, alhali ba shi ba ne. Kowane layi a rubuta masa sunansa da ma'auninsa. Ɗigo a yi shi da fensir mai tsini, ƙaramin kuros ko ɗigo da da'ira kewaye da shi, ba dunƙulen da zai cinye gida huɗu ba. Layi kuma da rula mai gani-har-hanji ake jan sa sau ɗaya, yadda ɗigogin da suka kauce za su rabu sama da ƙasa, ba a bi su ɗaya bayan ɗaya kamar hanyar tururuwa ba. Wajen fitar da gangare a ɗauki wurare biyu masu nisa a kan layin kansa, ba daga tebur ba, domin wanda ya koma tebur ya ɗauko lambobi biyu ya zubar da amfanin sauran ukun.

Sai kuma teburinka ɗana. Ka rubuta tsawo 20, 40, alhali rularka tana nuna milimita, saboda haka 20.0 da 40.0 ya kamata a gani. Sifilin nan ba ado ba ne, yana faɗa wa mai karatu iyakar ganin kayan aikinka. Kishiyar wannan ita ce yaron da zai kwafo duk abin da kalkuleta ta nuna, ya rubuta 1.703025 gaba ɗaya, alhali agogonsa bai wuce gurbi ɗaya ba.

Mushe (malamin makaranta) daga Maraɗi

Gaisuwa ga malaman zaure daga wannan ɓangare na iyaka. Ina so in ƙara abu a kan amsar da ake cewa an riga an sani. A littattafanmu na Faransanci 9,81 muke gani, ku kuma 9.8 ko 10, amma 9,81 ɗin nan ta yankin Faris ce da makamantansa. Ƙarfin jan ƙasa yana tashi daga wajen 9.78 a ikweta zuwa wajen 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu, kuma mu da ke tsakanin Zariya da Kano da Maraɗi da Damagaram muna kusa da 9.78. Da fendulum ɗin nan aka fara gane haka: a 1672 Jean Richer ya kai agogonsa daga Faris zuwa Kayen a Kudancin Amurka, ya ga yana jinkiri da kusan minti biyu da rabi kowace rana, sai da ya rage tsawonsa da kusan milimita 3. Saboda haka ɗalibin da ya dafa lambobinsa har suka ba shi 9.81 a Kano ya dafa wa wani gari ne.

Sannan gargaɗi ga masu musayar fayil da mu. Kun ga na rubuta 9,81 da waƙafi, haka muke yi a nan, kuma kwamfutocinmu a haka aka saita su. Na taɓa aika wa wani abokin aiki a Najeriya teburin awo, kwamfutarsa ta ɗauki 18,8 a matsayin rubutu ba lamba ba, giraf ɗinsa ya fito kwance a kan sifili, muka kwana biyu muna zargin gwajin. Wanda zai zana da Excel kuma ya zaɓi Scatter, kada ya zaɓi Line, domin na biyun yana jera lambobin kwance da tazara ɗaya kamar sunaye. A teburin ƙanenmu ba za a gane ba tunda tazarar 20 ce duka, amma ranar da aka auna 20, 30, 60, 100, layin da ya kamata ya miƙe zai fito a karye.

Malamar Bayoloji

Ina biye da ku ina ƙaruwa. Tambayata ga Dakta ita ce, mu da muke auna tsiron masara ko wake ba ma yarda da tukunya ɗaya, sai mun shuka da yawa mun ɗauki matsakaici, domin kowane iri da halinsa. Me ya sa a nan aka wadatu da awo ɗaya a kowane tsawo? Kuma 9.70 da aka samu, ta yaya malami zai ce wa yara sun yi daidai ko ba su yi ba?

Dakta

Malama, ba a wadatu ba, gibi ne a tsarin gwajin. Da an auna kowane tsawo sau biyu, da gurbi biyu a tebur da na uku na matsakaici, da 30.1 da 31.7 sun zauna gefe da gefe, an kama kuskuren nan take kafin a kwance zaren. Bambancinku da su shi ne ku abin da kuke aunawa ne yake bambanta, su kuma hannun mai aunawa ne, amma maganin ɗaya ne. Sai dai a riƙe cewa maimaitawa ba ta maganin kuskure irin na tsawon zare, ko sau ɗari aka auna zuwa ƙulli, santimita biyun nan suna nan.

Game da 9.70, hannun mutum yana jinkirin kusan kashi biyu cikin goma na sakan wajen danna agogo. A kan sakan 18.8 wannan kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari, a kan 40.7 kuma rabin haka, sannan idan aka ninka T da kansa kason yana ninkuwa biyu. Wannan ne ma dalilin ƙirga lilo 20 maimakon ɗaya. Hanya mai sauƙi ga 'yan sakandare ita ce bayan layin da ya fi dacewa su ja wasu biyu da fensir mara nauyi, mafi tsayuwa da mafi kwanciya da ɗigogin za su iya ɗauka, su fitar da g daga kowanne. Za su ga amsar tana iya motsi da kusan 0.1 ko fiye ta kowane gefe, kuma 9.78 tana cikin wannan fili. Abin da ya dace su rubuta shi ne 9.7 da iyakar shakkarsu a gefe, ba 9.697 ba. A kuma kula da faɗin lilon: a digiri 10 ƙarin da yake yi wa T bai wuce kashi 0.2 cikin ɗari ba, amma a digiri 30 ya kai kashi 1.7, kuma yara suna son jan ƙwallo da nisa idan zaren gajere ne.

Sabon malamin Fiziks

Ga rahoto kamar yadda ya kamata in kawo. Yau na mayar da ajin ɗakin gwaji, ban gaya musu komai ba, na rubuta 0.07 a allo na ce su nemo mini inda ta fito. Sun daɗe suna gardama, har wata ta ɗauki rula ta auna daga ƙullin zare zuwa tsakiyar ƙwallon, da ƙugiyarsa da komai, ta sami santimita 1.9. Mun sake auna na santimita 60 sau biyu, yarinyar da ta yi kuskuren ita na sa ta ƙirga, muka sami 31.6 da 31.8. Tsohuwar lambar tana nan da layi a kanta da bayani a gefe. Ɗalibin da ya kawo shawarar gogewa ya ce ai ga shi 31.7 ɗin da layi ya nuna ita ta fito, sai na tambaye shi ko shawararsa za ta nuna mana santimita 1.9, ya yi shiru, amma ban tabbata ya sallama ba.

Malamin darasin yamma

Na karɓi maganar sifili, Dakta ya kawo hujjar da ba zan iya turewa ba, kuma zan daina cewa a ja layi daga can sai idan tambaya ce ta umarta. Amma har yanzu ba a amsa mini abu ɗaya ba. A ɗakin jarrabawa yaro yana zana giraf ne bayan ya bar kayan aiki, wani lokaci ma an riga an ba wani. Idan a lokacin ya ga ɗigo ya bar layi, Baba, me zai yi?

Baba mai ritaya

Ya sa ɗigon a inda lambarsa ta ce, ya ja layinsa bisa ga sauran huɗun, ya ci gaba. Makin sa ɗigo na wanda ya sa shi daidai da teburinsa ne, ba na wanda ɗigonsa ya hau layi ba. Amma abin da ya fi shi ne a koya masa duba teburin tun yana gaban kayan aiki. A wannan gwaji tazarar tsawo ɗaya ce, saboda haka T² ya kamata ya riƙa ƙaruwa da kusan abu ɗaya. Dubi nasu: daga 0.884 zuwa 1.703 ƙarin 0.82 ne, sai 0.56, sai 1.07, sai 0.81. Duk wanda ya ga 0.56 da 1.07 a tsakanin 0.82 da 0.81 ya san ta tsakiya ce ke da ciwo, ba sai ya taɓa takardar giraf ba, kuma sake ƙirga lilo 20 a wannan tsawon sakan 32 ne kacal.

Malamar Kemistiri

Ƙanena, idan ba damuwa ka ɗauki hoton teburin yadda yake, da layin da aka ja a kan 30.1 da bayanin gefen, ka rufe sunayen yara, ka sa mana a zaure. Ina so in nuna wa 'yan aji shida nawa ranar Litinin kafin mu fara awon asid.

Sabon malamin Fiziks

To Yaya, zan sa shi da yamma in sha Allahu idan an kawo wuta na yi caji. Mako mai zuwa gwajin sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya mai miƙewa, da nauyi za mu yi, kuma na lura sifirin ɗin namu ba ya fara buɗewa sai an ɗora masa wajen giram 50, saboda haka ina sa ran layin ba zai bi ta sifili ba a can ma. Zan kawo lambobin yadda suka fito.